Zaɓen Katifar Soso da Haƙƙin Mai Saye Idan Ta Lotsa

Katifar nan mai ɗaukar siffar jikin mai kwanciya, wadda aka samo asalin sosonta daga binciken hukumar NASA ta Amurka a 1966, tana yin taushi gwargwadon zafin da ya ratsa ta. Saboda haka mazaunin garin Navrongo na ƙasar Gana, inda zafin bazara ke tsananta a watannin Maris da Afrilu, ya kyautu ya dubi nauyin soson fiye da kaurinsa, domin soso mara nauyi shi ne ke saurin lotsawa. Ya danna tafin hannunsa a tsakiyarta, ya ga ko gurbin zai cike sannu a hankali har ya ɓace, sa'an nan ya nemi tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta Gana.

Idan kuwa ta lotsa tun ba ta daɗe ba, to dokar cinikin kaya ta Gana ta 1962 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da bai bayyana ba lokacin ciniki, kamar yadda fuƙaha'un Malikiyya suka tabbatar wa mai saye hiyari, ko ya riƙe hajar ko ya mayar da ita, muddin aibin ya riga ciniki. Sai dai da'awa ba ta tsayuwa sai da hujja. Don haka, ya mai karatu, kada ka baro shago sai da rasit da takardar garanti, kuma ka kai kukanka da wuri, domin jinkiri yana raunana haƙƙi a gaban alƙali.