Daga Jalingo Zuwa Mambila: Arewa Ba Fako Ba Ce Duka

Sau da yawa 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun sukan ji maƙwabtansu suna cewa wai Arewa ba kome sai rana da ƙura. To, duk wanda ya taɓa taka Jalingo ya san zancen ba haka yake ba.

Faɗin Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. A cikin wannan Jihar Taraba, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, ita ce ta uku wajen girma, bayan Neja da Borno. Hedkwatarta Jalingo tana can arewacin jihar a ƙasar Muri, kuma daga nan ƙasa take gangarawa zuwa kwarin Binuwai, inda ake noman shinkafa da kamun kifi.

Amma matafiyi in ya ɗauki hanyar kudu, ya wuce Bali da Serti, sai ya iske dajin Gashaka Gumti, watau gandun namun dajin da ya fi kowanne girma a Nijeriya. A nan ne Chappal Waddi yake, dutsen da tsawonsa ya kai mita 2,419, wanda ba na biyunsa a ƙasar nan.

Daga Mayo Selbe mota takan fara hawa, tana nishi tana kwana-kwana, har ta fito kan tsaunin Mambila. Can sai a ga ciyawa kore shar, ga shanun Fulani, ga gonakin ganyen shayi a Kakara. Sanyin Gembu kuwa, mutumin Sakkwato ba ya kwana sai da bargo. Wannan yanki bai zama na Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka kuma raɗa masa suna Lardin Sardauna.

Abin takaici shi ne, albarkar ba ta isa ga masu ita ba tukuna. An daɗe ana zancen madatsar ruwan Mambila, har an sa hannu kan kwangilar megawat 3,050 a 2017, amma har yanzu ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. In da aikin gona da na lantarki sun tsaya da ƙafafunsu a can, da samarin Taraba da yawa ba su zo kurmi neman abinci ba.