Sani Kaita: Ɗan Kano da jan kati ya shafe wa tarihi

Duk yaron da ke buga ƙwallo a filin makaranta a Zakirai, ko a gonar da aka gama girbe gero, burinsa wata rana a ji sunansa a rediyo. Sani Kaita ya kai wannan matsayi, sai dai yau da abu ɗaya aka fi tuna shi.

An haifi Kaita a Kano ranar 2 ga Mayu, 1986. Ɗan wasan tsakiya ne, gwanin tare hari da ƙwace ƙwallo. Daga Kano Pillars aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, wadda Samson Siasia ya jagoranta zuwa gasar duniya a Holan a 2005. Sun kai wasan ƙarshe, Ajantina ta doke su 2-1, Messi ne ya ci duka biyun da fenariti. A shekarar ƙungiyar Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 ya ciyo lambar azurfa a gasar Olamfik ta Beijin, ya kuma koma Monaco, wadda ta riƙa ba da aronsa ga ƙungiyoyin Rasha.

Sai ranar 17 ga Yuni, 2010, a gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Najeriya na gaban Girka da ci ɗaya, wanda Kalu Uche ya zura. A minti na 33, bayan ƙwallo ta riga ta fita waje, Kaita ya fusata ya kai wa Vasilis Torosidis shuri. Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, ya fita yana rufe kansa da riga.

Da Najeriya ta koma mutum goma, wasa ya juya. Girka ta farke kafin hutun rabin lokaci, sannan Torosidis ɗin da kansa ya ci ta biyu. Kaita ya nemi gafarar 'yan Najeriya, amma duk da haka wasu suka riƙa yi masa barazanar kisa, abin da bai dace a yi wa kowa kan wasa ba.

Ɗalibai, abokin hamayya zai tsokane ku da gangan, a fili ko a aji. Kafin ku rama, ku tuna cewa wasannin ƙarshe biyu na duniya Kaita ya kai, amma fushin daƙiƙa ɗaya ya danne su. Da-na-sani ƙeya ce.