Ɗan aike ba mai gadi ba ne

Mai masana'antar roba a Sharada, ko mai majema a Challawa, yana so ya duba lissafin sito daga wayarsa, ko da yana tsaye a tashar Dala ta Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, yana jiran kwantenarsa. Manhajar lissafin kuwa tana cikin wata kwamfuta a ofis. Sai injiniya ya girka sabar Apache ko Nginx a gabanta, ta riƙa karɓar saƙo tana miƙawa ciki, tana dawo da amsa. Furoksi ke nan. Ɗan aike ne. Duk wanda ya aike shi, zuwa zai yi. Tambayar "wane ne kai?" aiki ne daban, kuma sai an rubuta dokarsa.

A nan masu girka sabar ke zamewa. A Apache, dokar da aka rubuta ƙarƙashin Directory fayilolin da ke kan sabar kaɗai take tsarewa. Saƙon da ProxyPass, wato umarnin furoksi, ya tura ciki bai bi ta nan ba sam. Sai injiniya ya ga doka a rubuce ya tafi hankali kwance, alhali albashin ma'aikata da lambobin asusunsu da ke cikin manhajar suna fili, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana jira. Wurin dokar ƙarƙashin Location ne ko Proxy. Tun fitowar Apache 2.4 a 2012, Require ta gaji Order da Allow da Deny, amma har gobe ana kwafo tsohon salon a cakuɗa da sabo.

Sai batun adireshi. Manhajar ciki ba ta ganin baƙo, furoksin take gani. In ita da furoksin suna kwamfuta ɗaya, aka ce mata ta yarda da 127.0.0.1, adireshin kwamfutar kanta, to ta yarda da duniya. Adireshin asali yana zuwa ne cikin X-Forwarded-For, shi kuma kowa na iya ƙirƙirarsa, don haka daga furoksinka kaɗai za a amince da shi. A ganina ma, a Kano tacewa da adireshi ba ta wadatar ba: na datar MTN ko Airtel canzawa yake yi, kuma mutane da yawa ke tarayya a guda. A haɗa da kalmar sirri.

ProxyRequests kuwa, wadda ke barin mutane su bi ta sabarka zuwa wasu shafuka, a bar ta a kashe, in ba haka ba 'yan damfara su riƙa fakewa da sabarka.

Gwajin ba a ofis ake yinsa ba. A fita bakin titi, a kunna datar waya, a nemi shafin albashin. In 403 (an hana shiga) ko neman kalmar sirri bai fito ba, a koma a gyara.