Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya a Manhajojin Zane: Misali daga Gaya

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta shafi wata matsala da ke yawan dawowa ga masu zane da kwamfuta, wato ɓacewar haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ daga hotunan da aka tsara da manhajoji irin su Photoshop, GIMP da Krita. Mun ɗauki Gaya a matsayin misali saboda yanayinta. Garin yana bakin kogin Kwara, gada ce ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa. Zane guda yana iya ratsa na'urori na ƙasashe 3 kafin ya hau takarda. Ra'ayinmu shi ne, matsalar tana dawowa domin ana ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba.

2. Muhimmancin ƙugiya

Ƙugiya tana rarrabe ma'ana: kafa da ƙafa, baki da baƙi, da da ɗa. Hoton yaƙi da jahilci ko allon faɗakarwa da ya rasa ta yana koya wa mai karatu kuskure. Bugu da ƙari, ƙa'idar rubutu da Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ, alhali a Nijeriya an saba da 'y. Mai buga aiki da ya saba da ƙa'ida ɗaya yana iya "gyara" ɗayar da kyakkyawar niyya.

3. Tushen matsalar

Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lamba take ajiyewa. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ɓ shi ne U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Zubin haruffa ne ke ba kowace lamba siffa. Kafin Unicode ya yaɗu, dabarar da aka yi ita ce a ɗauki zubin Faransanci ko Ingilishi, a cire wata alama, a dasa ƙ a gurbinta. Rubutun da aka yi ta haka yana karantuwa ne kawai a na'urar da ke da wannan zubi. Tsofaffin takardu da ake kwafowa cikin sabon zane suna ɗauke da wannan gado.

4. Alamu da abin da suke nunawa

Kowace irin ɓarna tana nuna inda ta faru.

(a) Idan akwati marar komai ya bayyana a gurbin harafi, lambar daidai take, zubin ne ba shi da siffarta. Magani shi ne a koma ga zubi irin su Charis SIL, Andika, Noto Sans ko DejaVu Sans.

(b) Idan harafin ya fito amma kaurinsa ko tsayinsa ya bambanta da na maƙwabtansa, manhajar ta aro shi daga wani zubi. Maganin (a) ne ya dace.

(c) Idan alamar tambaya ce ta bayyana, rubutun ya ratsa tsohon tsari kamar Windows-1252, wanda bai tanadi waɗannan haruffa ba. Lambar ta salwanta, sauya zubi ba zai dawo da ita ba, sai an sake bugawa.

(d) Idan wata alama ta daban ce ta fito, rubutun na tsohuwar dabara ne. Sai a sake buga shi da allon bugu na Hausa, misali ta manhajar Keyman, domin allon AZERTY na Nijar da Benin da QWERTY na Nijeriya duk ba su da waɗannan haruffa.

(e) Idan ƙugiyar tana nan amma ta dusashe, an matse hoton ne. WhatsApp yana rage ingancin abin da aka tura a matsayin hoto. Gara a tura shi a matsayin takarda.

5. Hanyar gwaji

Sau da yawa mun ga ɗalibi ya goge manhaja ya sake ɗora ta, kashegari matsalar ta dawo. Shawararmu ita ce a riƙe jimla guda ta gwaji, kamar "Ƴan Gaya sun ɗauki ƙwarya sun ɓoye", tare da manyan haruffa Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. A buga ta a manhajar rubutu, a kwafa ta cikin zane, a fitar da hoton, sannan a buɗe shi a wata na'ura. A kowane mataki abu ɗaya kawai za a sauya. Matakin da jimlar ta lalace, nan laifin yake.

6. Kammalawa

Muddin rubutu yana nan a matsayin rubutu cikin fayil na .psd, .xcf ko .kra, siffarsa ta dogara ga zubin da ke na'urar mai gyara shi. Saboda haka a ajiye kwafi 2: na asali domin gyara, da na bugawa a tsarin PNG mai ɗigo 300 a kowane inci, inda haruffa suka riga suka zama hoto. Muna fatan a faɗaɗa wannan gwaji zuwa Zabarmanci da Fulatanci, waɗanda su ma ake magana da su a yankin, kuma suke da nasu haruffa kamar ŋ.