Hoton Hanyar Fitsari: Me Ya Sa Kowane Gari Da Farashinsa?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata takardar likita da ke sa mutum ya fara lissafin aljihu tun bai fita daga ofis ba, wato takardar hoton hanyar fitsari mai haɗe da allura, wanda ake rubutawa IVU. Ka tambayi kuɗinsa a wannan gari a faɗa maka abu ɗaya, ka buga waya wani gari ka ji wani abu daban. Da yawanmu sai mu ce tsawwalawa ce kawai. Ni dai abin da nake so in nuna shi ne, kuɗin da ake faɗa maka tarin kuɗaɗe ne aka ƙulle wuri guda, kuma sai ka kwance ƙullin za ka gane inda ya fi sauƙi da gaske.

Bari mu fara da shi hoton. Eksire na yau da kullum yana nuna ƙashi sosai, amma ƙoda da bututun da ke kai fitsari mafitsara ba sa fitowa da kyau. Shi ya sa ake yi wa mutum allurar wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya. Ƙoda ta tace shi, ya bi hanyar fitsari, ya sa ta fito fari tas a hoto. Ana ɗaukar hoto ɗaya kafin allura, a ɗauki wasu bayan 'yan mintoci, a ƙara ɗaya bayan mutum ya yi fitsari. Da haka likita ke ganin ko tsakuwa ce ta tare hanya, ko bututu ya ƙuntata, ko ƙoda ta kumbura. Wannan ya shafe mu kai tsaye: zafin Arewa da ƙarancin shan ruwa suna taimaka wa tsakuwar ƙoda, kuma wanda ya yi tsargiya yana yaro saboda wanka a kududdufi, ɓarnarta kan iya bayyana a mafitsara bayan shekaru.

To, ina kuɗin ke tafiya? Na farko, ruwan allurar. Daga waje ake shigo da shi, da dala. Shi kansa aidin, ƙasashen Chile da Japan ne ke samar da mafi yawansa a duniya. A 2022, da aka rufe birnin Shanghai saboda korona, masana'antar kamfanin GE da ke can ta tsaya, ruwan ya yi wahala har a asibitocin Amurka. Nan gida kuma, tun da aka saki Naira a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake saye da dala ya tashi. Kayan sukan sauka a Legas, don haka cibiyar da ke nesa, wadda kuma ke sayen kwalabe kaɗan-kaɗan a hannun dillali, ta fi biya. Sannan ana auna ruwan ne da nauyin mutum, ka ga kenan ƙato zai iya cin fiye da siriri.

Na biyu, wuta. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin lantarki na rukunin A naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku na da. Inda babu wuta kuma sai janareta da man gas. Cibiyar da ke ganin mutane da yawa a rana tana raba wannan nauyi a kansu. Wadda ke ganin 'yan kaɗan, a kan 'yan kaɗan ɗin zai sauka.

Na uku, na'ura da mai karanta hoto. Yanzu likitoci da yawa sun fi son a yi wannan bincike da na'urar siti sikan, domin ta fi nuna abubuwa dalla-dalla, amma ta fi eksire tsada nesa ba kusa ba. Ita da ƙwararrun likitocin hoto sun fi taruwa a manyan birane masu asibitocin koyarwa, irin su Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A irin waɗannan wurare akwai na gwamnati, akwai na kuɗi, akwai gasa. A ƙaramin gari mai cibiya ɗaya tak, abin da aka faɗa shi kenan.

Amma fa araha ba ta ado. Asibitin gwamnati kan fi sauƙi, sai dai za a iya ba ka ranar dawowa. Ka haɗa kuɗin mota zuwa da komowa, da na mai raka ka, da wurin kwana, da laccar da za ta wuce ka, tukuna ka ce can ya fi araha.

Ga abin da nake ba da shawara ka tambaya kafin ka biya ko sisi. Kuɗin nan ya haɗa da ruwan allura, ko ni zan sayo? Ya haɗa da rahoton likita a rubuce? Gwajin jinin da ke nuna lafiyar ƙoda fa, yana ciki? Wannan gwaji kar ka yarda a tsallake shi don rage kuɗi, domin ruwan na iya ƙara wa ƙoda mai rauni ciwo. Ka faɗa musu idan kana da asma, ko jikinka ya taɓa ƙin wani magani, ko kana shan maganin suga na metfomin. Ke kuma 'yar'uwa, idan akwai yiwuwar juna biyu, ki faɗa tun kafin a kunna na'ura. Idan an ce ka sha maganin wanke ciki ko ka zo ba ka ci abinci ba, ka bi umarnin, don hoton da bai fito ba sake biya ne.

Ka kuma tambayi likitanka, cikin ladabi, ko sikanin na ciki zai wadatar a matakin farko. Ya fi sauƙi, babu allura, kuma sau da yawa da shi ake farawa. Hukuncin dai nasa ne.

Daga ƙarshe, duba rasit ɗinka na rajista. Makarantu da yawa suna karɓar kuɗin inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP, wadda ke ƙarƙashin hukumar NHIA. Idan kana biya, fara da asibitin makaranta, ka karɓi takardar turawa, ka tambayi abin da inshorar ke ɗauka kafin ka taɓa kuɗin abincinka ko ka kira gida. Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta nemo wannan bayani a rubuce ta manna a allon sanarwa, domin ɗalibin da ke murƙususun ciwon ƙoda ba shi da ƙarfin yawon ofis-ofis.