Ranar Da Kotun Jiha Ta Taka Wa Gwamnatin Tarayya Birki

A ran 24 ga watan Janairu 1980 ma'aikatan shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a gidansa da ke Maiduguri, suka tsallakar da shi iyakar Cadi. Ba ƙaramin mutum ba ne kuwa, domin shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar, a bisa cewa wai Shugaba baƙo ne.

Babu mai musun cewa tsarin mulkin 1979 ya danƙa sha'anin shige da fice a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Gwamna Muhammadu Goni ba shi da ikon hana fitar da kowa. To, amma wannan tsarin mulkin dai shi ne ya hana a kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa, ya kuma ba Babbar Kotun jiha ikon sauraron ƙarar wanda aka tauye wa haƙƙi. Ta wannan ƙofa Cif G.O.K. Ajayi ya shigar da ƙara.

A watan Maris Mai Shari'a Oye Adefila ya yanke hukunci. Mahaifin Shugaba mutumin Bagarmi ne, amma mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce, kuma doka ta ce ɗaya daga cikin iyaye ya isa. Kotu ta soke korar, ta ce a biya shi diyyar N350,000. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗaukaka ƙara, a 1982 aka rage kuɗin zuwa N50,000, amma zamansa ɗan ƙasa bai girgiza ba.

'Yan adawa sun yi murna, suna cewa jiha ta kayar da tarayya. A gaskiya ba haka ba ne. Ikon korar baƙo yana nan inda yake. Abin da kotu ta hana shi ne minista ya wayi gari ya mai da ɗan gida baƙo da bakin alƙalaminsa, musamman in abokin hamayya ne.

Maganar ba ta Barebari kaɗai ba ce. A ƙasar Borgu akwai gidaje masu dangi a Nikki ta Jamhuriyar Benin, kamar yadda Katsinawa ke da su a Maraɗi. Da korar Shugaba ta tsaya, da kowane ɗan siyasa daga irin waɗannan gidaje ya kwana da fargaba.