Kuɗin haya a Damagaram: ruwa da siminti ke yanka farashi

Duk wanda ya nemi ɗaki a Zinder, wato Damagaram, ya san tambayar farko da ake yi wa dillali: akwai famfo a gidan, kuma ruwa na zuwa? Birnin yana zaune kan dutse, ruwansa daga nesa ake janyo shi, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram. Saboda haka gidan da ruwa ke isa kullum yakan fi maƙwabcinsa tsada ko da girmansu ɗaya. Mai neman sauƙi ya tafi bakin gari, sai ya tarar abin da ya rage a haya ya ƙare a hannun ƴan garuwa da masu kabu-kabu.

Masu nema kuwa sun yawaita. An kafa jami'ar Zinder a 2010, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, sai ga ɗalibai da ma'aikata masu albashi suna neman gidan siminti mai wuta. Masu gidaje suka ga ribar da ke ciki, suka riƙa gina wa mai albashi, suna neman kuɗin watanni tun kafin a shiga. Ba na ganin laifinsu duka: rufe iyaka da takunkumin da suka biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun tsadar da kayan gini, har gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024. Amma hayar da ta hau da wuya ta sauko.

Daminar 2024 ta ƙara dagula lamarin. Ruwan da ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a watan Satumba ya kwantar da gidajen ƙasa masu yawa, kuma su ne masu araha. Wanda jiya yake zaune a gidan gado, yau ya shiga layin masu neman haya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan ƙauye. Matashi daga Dakusa ko wani gari na kewaye yakan shigo ci-rani bayan girbi, da niyyar tara abin sayen hatsi da taki. A da akwai mai masauki a unguwar Zango, ko zauren wani ɗan garinsu. Yanzu zauren ma an sa masa ƙofa an ba da shi haya. Sai a cunkushe mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya a Kara-Kara ko Garin Malam, ba makewayi na kirki, ba takardar yarjejeniya, mai gida na iya ƙara kuɗi ranar da ya ga dama. Abin da ya kamata ya koma ƙauye kafin shuka ya tsaya a birni, gona ta samu ƙarancin taki, baɗi kuma ƙanensa ma ya biyo shi neman ɗaki.

Batun filin gini kuwa, ana yanka filaye ana sayarwa, amma da yawa suna hannun masu jiran su yi tsada, an kewaye su da katanga babu ko ɗaki ɗaya a ciki, kuma bututun ruwa bai kai can ba.